Wa ke karanta binciken rashawa na ƙasashen tsibirai?

Nafisa
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina kan bitar ayyukan da suka gabata a kundin digirina na biyu, maudu'in kuwa hukumomin yaƙi da cin hanci da rashawa ne. Na kawo misalai daga Fiji da Papuwa Niyu Gini da Morishiyas. Da aikin ya dawo daga wajen malamin da ke duba mini, sai na tarar ya zagaye wurin gaba ɗaya da jan biro, ya rubuta a gefe: "Su wa ke kafa hujja da waɗannan?" Tambayar ta tsaya mini a rai. Shin binciken da ake yi kan rashawa da mulki a ƙasashen tsibirai yana da nauyi a fagen ilimi, ko wasu 'yan tsiraru ne kawai ke rubuta wa junansu? In cire ko in bari?

Kabiru
Wa alaikumus salam. Cire ki huta, ƙanwata. Nauru gaba ɗayanta mutum 12,000 ne ko kusa da haka. Mazaɓar kansilanmu ta fi ta jama'a.

Dakta Bashir
Malaminki yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma ba don dalilin Kabiru ba. In lissafin ambato za a bi, wato sau nawa masana suka kafa hujja da aiki, binciken tsibirai yana can baya. Sai dai a duba yadda aka yi ya koma bayan. Manyan rumbunan alƙaluma da masu kwatanta ƙasashe ke ɗiba a ciki tun farko suka rufe wa ƙanana ƙofa. Ma'aunin Polity, wanda aka shekara da shekaru ana auna tsarin mulki da shi, ba ya ɗaukar ƙasar da ba ta kai mutum 500,000 ba. Arend Lijphart, a littafinsa na 1999 kan tsare-tsaren dimokuraɗiyya, ya sa iyakarsa a 250,000. Jadawalin rashawa na ƙungiyar Transparency International kuma, wanda aka fara a 1995, ba ya ba ƙasa maki sai an samu aƙalla majiya 3 da suka auna ta. Su wa ke wannan awon? Da yawansu bankunan raya ƙasa ne da kamfanonin da ke sayar wa masu zuba jari bayanin haɗarin kasuwa. To wane attajiri ne zai biya kuɗi a gaya masa haɗarin zuba jari a Tuvalu? Shi ya sa irin su Tuvalu da Nauru ba sa cikin jadawalin.

Ƙasar da ba ta cikin rumbu ba ta shiga lissafi, wadda ba ta shiga lissafi ba kuwa ba za ta taɓa shiga ka'idar da ake koyar da ɗalibai ba. Wouter Veenendaal da Jack Corbett sun yi takarda sukutum a kan wannan wariyar a 2015.

Malam Ɗanjuma
Allah ya ƙara sani, Dakta. Ni dai abin da nake ji a rediyo duk shekara in an fitar da jadawalin nan shi ne tsibirai ne kan gaba a Afirka. Sishel, Kabo Verde, Morishiyas. Har na fara zaton ruwan da ya kewaye su ne ke wanke su.

Dakta Bashir
Ranka ya daɗe, ba ƙarya ka ji ba. A jadawalin 2023 Sishel ta samu 71 cikin 100, Kabo Verde 64, Morishiyas 51. Nijar 32, Najeriya 25. Amma Komoros ma tsibirai ce, a tekun da Sishel take, ta tashi da 20. A Karebiyan Barbados 69, Haiti 17.

An daɗe ana yawo da zancen cewa ƙanƙantar ƙasa na rage rashawa, kuma alƙaluman farko sun yi kamar sun tabbatar da haka. Stephen Knack da Omar Azfar ne suka warware zaren a 2003. Suka nuna cewa manyan ƙasashe duk ana auna su, na kirki da na banza, domin ba mai iya kauce wa Najeriya ko Indiya. Ƙanana kuwa, waɗanda ke da tsari har masu kuɗi ke sha'awarsu su aka fi aunawa. Ka ga an tsince masu kyau daga cikin ƙanana an jera su da kowa da kowa daga cikin manya. Da aka koma ma'aunin da ya haɗa ƙasashe da yawa, sai alaƙar ta yi rauni ko ta ɓace. Nafisa, wannan takardar kaɗai ta isa amsa. Duk mai lissafin rashawa tsakanin ƙasashe da bai san ta ba, to a makance yake aiki.

Hajiya Rakiya
Ina gaida kowa daga Yamai. Dakta Bashir, inda muka rabu da kai shi ne a kan abin da ake kira tasiri. Ƙirgen ambato ƙirge ne na wa ya fi yawan abokan sana'a. Masu nazarin Amurka sun fi masu nazarin Samoa yawa ninkin ba ninkin, ko shirme ɗayansu ya rubuta sai ya samu masu ɗauka. Tambayar da za ta amfani Nafisa ita ce, akwai abin da aka gano a can da ya tilasta a sake tunani?

Akwai. A 2004 aka yi nazarin tsarin riƙon amana a ƙananan ƙasashen Fasifik 12, Peter Larmour da Manuhuia Barcham suka jagoranta. An tafi da irin tambayoyin da ake kaiwa ko'ina: akwai mai binciken kuɗin gwamnati, akwai kotu mai cin gashin kanta, akwai jarida mai 'yanci? Abin da ya yi ta fitowa shi ne ba a ma daidaita a kan ina iyakar rashawar take ba. Ɗan takara ya je ƙauye, al'ada ta ce ba a zuwa gaban dattawa hannu rabbana, sai ya kai tabarmi ko abinci ko kuɗi. Kyauta ce ko toshiyar baki? Ma'aikaci a Papuwa Niyu Gini ko Tsibiran Solomon yana ɗauke da nauyin wantok, wato hakkin dangi da 'yan yarensu a kansa. Ya hana su, a ce ya yanke zumunci. Ya ba su daga abin ofis, doka ta ce ya ci amana. Larmour ya tattara wannan a littafinsa na 2012, kuma bai ce al'ada ta halatta sata ba. Ya nuna cewa mutanen wurin da kansu suna tantancewa: suna duba yaushe aka ba da abin, nawa ne, a bainar jama'a ko a ɓoye.

Abin da ke ba ni takaici, 'yan shekaru kafin nan Jean-Pierre Olivier de Sardan da Giorgio Blundo da abokan aikinsu suna bin asibitoci da kotuna da shingayen hanya a Nijar da Benin da Senegal, suna rubuta kusan abu ɗaya. Waɗannan da Faransanci suka fara, waɗancan da Ingilishi, ɗalibin da aka nuna wa ɗaya da wuya a nuna masa ɗayan.

Auwal
Hajiya, da girmamawa, zancen al'adar nan shi ne mafakar ɓarayi a ko'ina. Mu 'yan jarida kunnenmu ya gaji da shi. Bari in ba ku labarin Vanuatu, wata ƙasar tsibirai a Fasifik.

A Oktoban 2015 kotu ta samu 'yan majalisa 14 da laifin cin hanci, a majalisar da kujerunta 52 ne kacal. Cikinsu har da mataimakin firaminista, Moana Carcasses, wanda ya raba wa 'yan majalisa kuɗi lokacin yana jagoran adawa don a kayar da gwamnati. Su suka ce ai rance ne. Alƙaliyar da ta yi shari'ar, Mary Sey, 'yar Gambiya ce. Hukuncin ya zo shugaban ƙasa Baldwin Lonsdale yana Samoa, tsarin mulkinsu kuma ya ce in shugaba ba ya nan kakakin majalisa ke riƙe ƙasa. Kakakin, Marcellino Pipite, yana cikin waɗanda aka kama da laifin. Bawan Allah ya hau kujerar riƙo, ya ɗauki alƙalami, ya yafe wa kansa da sauran. Lonsdale ya dawo ya soke afuwar, kotu ta mara masa baya, aka tasa ƙeyarsu zuwa gidan yari. Carcasses shekara 4.

Ina tabarma a nan? Kuɗi ne tsagwaronsu aka zuba a asusun banki.

Kabiru
Ya yafe wa kansa! Wallahi kar wasu su ji a nan.

Hajiya Rakiya
Malam Auwal, ai hujjata ka kawo mini har gida. Ban ce duk abin da aka yi a tsibiri al'ada ba ne. Tsaya ka tambayi kanka, me ya kai 'yar Gambiya kujerar alƙalanci a Fasifik? Ƙasar da a lokacin ba ta kai mutum 300,000 ba, 'yan bokonta duk makarantu ɗaya suka yi, sun auri juna, sun yi kasuwanci tare. Kamar ƙauyen da alƙali surukin wanda ake ƙara ne, mai shaida kuma katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa waɗannan ƙasashe ɗauko alƙalai daga waje ke nan, Anna Dziedzic ta yi littafi a kan alƙalan waje a Fasifik a 2021.

Nan ne binciken ya fi zurfi a ganina. Kusanci yana da fuska biyu. A ƙaramar ƙasa ba a ɓoye sata, minista ya sayi sabuwar mota da safe, kafin azahar kowa ya san kuɗin wace kwangila ce. Amma sanin bai zama shaida ba, don wanda zai tsaya a kotu gobe zai haɗu da iyalan wanda ya tona a coci ko a wajen jana'iza. Corbett da Veenendaal, a littafinsu na 2018, sun bi ƙasashe 39 da ba su kai mutum miliyan 1 ba. Suka tarar siyasa ce ta mutum da mutum, ta ubangida da yaransa, shugaba ya danne majalisa, jam'iyyu ba su da wata aƙida ko babu su ma sam. Duk abin da littattafan aji suka ce yana kashe dimokuraɗiyya yana nan, amma ga ta tana tafiya, ana zaɓe, ana kayar da gwamnati, ana miƙa mulki. Ka'idar da ta kasa bayyana ƙasashe 39 ai ita ke da bashin bayani, ba su ba.

Auwal
To na ji. Amma "tana tafiya" ɗin nan ya danganta da wanda aka tambaya. Da Transparency International ta tambayi mutanen Fasifik da kansu a 2021, sama da mutum 6,000 a ƙasashe da yankuna 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu hulɗa da ma'aikatun gwamnati suka ce sun ba da na goro. Talaka a can bai ga wani abin mamaki ba.

Dakta Bashir
Tunda ana neman abin da ya fito daga tsibiri ya shiga manyan mujallu, ga wanda ke bakin ƙofarmu: Sao Tome. Muna ma da yarjejeniyar haɗin gwiwar mai da su tun 2001, Najeriya kashi 60, su 40.

Pedro Vicente, masanin tattalin arziki ɗan Fotugal, ya lura da wata dama da ba a cika samu ba. Sao Tome da Kabo Verde duk Fotugal ce ta mulke su, duk a 1975 suka samu 'yanci, duk sun yi mulkin jam'iyya ɗaya sannan suka buɗe fage a kusan lokaci guda. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka yi shelar akwai mai a ruwan Sao Tome, ita Kabo Verde babu. Ya bi gida gida a ƙasashen biyu yana tambayar mutane yadda samun abubuwan gwamnati yake kafin shelar da bayanta. Takardar ta fito a 2010. A Sao Tome rashawa ta ƙaru a sayen ƙuri'a, da rabon guraben tallafin karatu, da kwastan. Ku lura, ba a sayar da ganga ko ɗaya ba. Ƙanshin man kawai aka ji, kujerar mulki ta ƙara tsada. Ba za ka iya irin wannan kwatancen da Najeriya ba, don ba ta da tagwai.

Bincikensa na biyu ya fi ɗaure kai. A zaɓen shugaban ƙasar Sao Tome na 2006 aka raba takardun wayar da kai a wasu unguwanni, aka bar wasu. Ana ƙwanƙwasa ƙofa, a karanta wa mai gida takardar, a tuna masa doka ta hana sayar da ƙuri'a, ya zaɓi abin da zuciyarsa ta kwanta da shi. Inda aka raba, tasirin kuɗi a kan ƙuri'a ya ragu. Amma fitowar masu zaɓe ma ta ragu, kason shugaba mai ci kuma ya ƙaru.

Malam Ɗanjuma
Tsaya Dakta in fahimta. Wato an hana talaka karɓar taliya da sabulunsa, ya yi zamansa a gida, mai kan kujera ya kwashe riba?

Dakta Bashir
Haka sakamakon ya nuna, ranka ya daɗe. Mai ci yana da aikin yi da kwangila da muƙami da zai yi alkawari da su, kuma an san zai iya cikawa. Mai neman kayar da shi ba shi da komai sai kuɗin hannu ranar zaɓe. Ka toshe wannan ka bar waccan, ka san wa ka taimaka. Vicente bai ce a halatta sayen ƙuri'a ba, ya dai nuna gyaran rabi da rabi yana da wanda yake yi wa aiki. Shi ɗin ne kuma ya zo Najeriya tare da Paul Collier suka yi irin wannan gwajin a kan tashin hankali a zaɓen 2007. Dabarar a tsibiri aka fara gwada ta.

Barista Sadiya
Nafisa, tunda aikinki kan hukumomi ne, ni ta nan zan shigo. Duk hukumar yaƙi da rashawa da aka kafa a ƙasashenmu, in kin bi salsalarta za ki ga ana ambaton Singafo da Hong Kong. Ta Singafo tun 1952 take, aka ƙara mata haƙora da dokar 1960. Ta Hong Kong 1974. Jon Quah ya kwashe rayuwarsa yana rubutu a kansu. Don haka in ana maganar tasiri, babu samfurin da aka kwafa a duniya kamar na waɗannan biyun, sai dai ba a kallonsu a matsayin tsibirai saboda suna da kuɗi.

Abin da Fasifik ya ƙara shi ne labarin yadda samfurin ke kasancewa in an dasa shi a wata ƙasa. Fiji: Frank Bainimarama ya yi juyin mulki a Disamban 2006 da sunan share datti, a 2007 ya kafa hukumar yaƙi da rashawa. Hukuma ce da aka haifa da dokar soja, kuma 'yan adawa sun yi ta kukan cewa su aka fi nufa da ita. Papuwa Niyu Gini: firaminista Peter O'Neill ya kafa rundunar bincike a 2011 ƙarƙashin wani matashin lauya, Sam Koim. Ta yi ta kame, ana tafi. A Yunin 2014 binciken ya iso kan O'Neill kansa har aka fitar da takardar kama shi. Nan take gwamnati ta ce ta rushe rundunar. Kotu ta dakatar da rushewar, sai aka bi ta hanya mafi sauƙi, aka daina ba ta kuɗi. Sai a 2020 majalisarsu ta zartar da dokar kafa hukuma mai zaman kanta.

Wanda ya tuna yadda aka tura Nuhu Ribadu kwas a Kuru a ƙarshen 2007 ba ya buƙatar a yi masa fassara. Kar ki cire. Ki dai daina jera su kamar kayan ado, ki sa su yi miki aiki: me ke faruwa da hukuma ranar da ta taɓa wanda ya kafa ta?

Auwal
Duk wannan ya yi, amma ni har yanzu ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ana ta auna ɗan sandan da ya karɓi na goro a tsibiri, an manta tsibiran da ke ajiye abin da manya suka wawure. Kuɗin Abacha sama da dala miliyan 300 da aka dawo da su a 2020, daga ina? Tsibirin Jersey. Kamfanin da aka ɓoye su da sunansa kuma a Tsibiran Virgin na Birtaniya aka yi masa rajista. Morishiyas ɗin da ake mana kwatance da ita, takardun da 'yan jarida suka bankaɗo a 2019 sun nuna yadda kamfanoni ke bi ta can su kauce wa biyan haraji a ƙasashen Afirka, har Senegal ta soke yarjejeniyar harajinta da ita. Nauru ɗin da Kabiru ya raina, babban bankin Rasha ya ce kimanin dala biliyan 70 sun bi ta bankunanta na takarda a 1998. Ƙasa ta samu maki mai kyau don ma'aikacinta ba ya neman cin hanci, alhali sana'arta ajiyar kayan sata. Wane irin awo ne wannan?

Kabiru
An ce da kuɗin Jersey ɗin za a yi titin Abuja zuwa Kano. Duk wanda ya bi hanyar kwanan nan ya ba mu labari.

Mai kula da zaure
Malam Kabiru, don Allah a bar zancen titi, kar mu kwana a nan. A koma kan tambayar Nafisa.

Dakta Bashir
Auwal, jadawalin bai taɓa cewa yana auna ajiyar kuɗi ba, ra'ayin masana da 'yan kasuwa yake aunawa game da ma'aikatun gwamnati. Laifin masu karanta shi ne kamar takardar shaidar hali. Amma kukan naka ma ai daga tsibiri ya taso. John Christensen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Tax Justice Network, ƙungiyar yaƙi da kauce wa haraji, a 2003, ɗan Jersey ne, ya yi shekaru yana ba gwamnatin tsibirin shawara kan tattalin arziki kafin ya juya mata baya. Su suka fito da ma'aunin ɓoye dukiya a 2009. Abin dariyar, da aka auna ta wannan fuskar sai ga Amurka da Suwizalan a sahun gaba tare da tsibiran.

Ummi
Ni ba malamar jami'a ba ce, a ƙungiyar wayar da kai nake aiki, amma bari in faɗi inda abin ya same mu. Sana'armu ke nan sanarwar rediyo: rashawa ta cinye ƙasa, rashawa ta yi katutu, kowa ya tashi tsaye. Sai a wani taron bita aka kawo mana aikin Caryn Peiffer. Ta fara gwadawa a Jakarta, ta ga irin waɗannan saƙonnin ba sa ƙara wa mutane ƙwarin gwiwa, sai ma su ƙara musu damuwa. Ita da Grant Walton suka sake gwadawa a Port Moresby, babban birnin Papuwa Niyu Gini, da saƙonni iri iri, wanda ya motsa mutane wajen son kai rahoto shi ne wanda ya nuna musu ɓarnar a kan danginsu da unguwarsu. Daga nan ita da Nic Cheeseman suka kawo gwajin Legas, da wani wasa da ake sa kuɗi na gaske. Sakamakon ya fito a 2022: yawancin saƙonnin ba su hana komai ba, masu ganin ƙasar ta riga ta lalace kuwa, jin saƙon ƙara musu saurin miƙa cin hancin ya yi. Ɗakin ya yi tsit. Mutum ya ji kowa na yi, sai ya ce to ni wane ne.

Tun daga nan muka rage "ta yi katutu", muka koma maganar rijiyar burtsatsen unguwa da aka karɓi kuɗinta ba a haƙa ba.

Hajiya Rakiya
Ku lura da abin da ya yi aiki a Port Moresby. Zumuncin nan da ake zargi da haddasa rashawa, shi ne ƙofar da aka samu aka shiga zuciyar mutane.

Farfesa Garba
Na bi muhawarar tun safe, Allah ya yi muku albarka. Abu biyu zan ƙara.

Na farko, 'yata Nafisa, ki gaya wa malaminki cikin ladabi cewa ɗaya daga cikin tsofaffin takardun ilimi a kan rashawa a ƙasar Hausa ɗan tsibiri ne ya rubuta ta. M. G. Smith, wanda ya zauna a Zazzau a 1949 zuwa 1950 ya rubuta tarihin sarautarta, haifaffen Kingston ne ta Jamaika. A 1964 ya fitar da takarda a kan tarihi da al'adun da suka kewaye rashawar siyasa a tsakanin Hausawa. Shi ɗin ne kuma ya yi nazarin Grenada da Carriacou, ya shahara da ka'idar al'umma mai rukunoni da ke zaune a ƙasa ɗaya kowa da tsarinsa. Matarsa Mary ita ta rubuta tarihin Baba ta Karo. Mutumin yana kallon Zariya da idon Karebiyan, yana kallon Karebiyan da idon Zariya. A Jamaikan kuma Carl Stone ya yi littafi a 1980 kan siyasar ubangida, tun kafin kalmar ta cika mujallu.

Na biyu, wanda ba wanda ya taɓo. Ku sake duba sunayen da kuka jero yau. Nawa ne 'yan tsibiran Fasifik a ciki? Kaso mai tsoka na wannan bincike daga Canberra, babban birnin Ostareliya, yake fitowa, kuma kuɗin tallafin Ostareliya na da hannu a ciki, musamman bayan 2003 da ta jagoranci rundunar da ta shiga Tsibiran Solomon ta zauna har 2017. Ban ce aikin ba shi da inganci ba, wasunsu na kirki ne ƙwarai. Amma mai biya shi ke zaɓar tambaya. An fi tambayar me ya sa ɗan majalisar Solomon ke karɓa, an rage tambayar su wane ne kamfanonin katakon da ke bayarwa. Alhali tun a ƙarshen shekarun 1980 kwamitin Mai shari'a Thomas Barnett ya tona yadda kamfanonin waje ke sayen 'yan siyasar Papuwa Niyu Gini suna kwashe dazuzzuka, har aka daɓa masa wuƙa. Tasirin wannan fage ya fi yawa a ofisoshin masu ba da tallafi fiye da ajin jami'a, kuma wannan ba lallai abin alfahari ba ne.

Barista Sadiya
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Sai dai a yi wa 'yan gida adalci, rubutu daga ciki yana da farashi. Jami'ar Kudancin Fasifik ta ƙasashe 12 ce. Shugabanta na lokacin, Pal Ahluwalia, ya bankaɗo zargin almundahana a cikin jami'ar, a Fabrairun 2021 jami'an Fiji suka shiga gidansa da dare suka kore shi daga ƙasar shi da matarsa. In an yi wa shugaban jami'a haka, ƙaramin malami da ke da 'ya'ya a makaranta zai sa sunansa a takarda?

Auwal
A Malta ma, cikin Tarayyar Turai, bam aka sa wa 'yar jarida mai tona rashawa Daphne Caruana Galizia a mota a Oktoban 2017. Kwamitin bincike ya ce a 2021 gwamnati na da alhaki saboda yanayin da ta bari ya ginu. Na Canberra yana gama tambayoyinsa ya hau jirgi.

Dakta Bashir
Farfesa, ranka ya daɗe, a nan zan ɗan ja. In mai biya ke zaɓar amsa, da ba a buga sakamakon da Ummi ta kawo ba, don masu ba da tallafin ne suka fi kowa kashe kuɗi a kan saƙonnin da aka ce ba sa aiki.

Farfesa Garba
Tambaya na ce, Bashir, ban ce amsa ba.

Malam Ɗanjuma
Ni kafin a watse, an ambaci ɗan majalisar Solomon. Su ma suna da kuɗin ayyukan mazaɓu irin namu?

Dakta Bashir
Suna da shi, har ya fi namu shiga hannun ɗan majalisa. Mazaɓu 50 ne, Taiwan na cikin masu zuba kuɗin kafin ƙasar ta koma wajen Sin a 2019. Terence Wood ya yi aiki sosai a kai. Hujjarsa ita ce mai zaɓe ba jahili ba ne: inda gwamnati ba ta iso ba, zaɓen wanda zai biya kuɗin makarantar ɗanka ko ya ba ka kwanon rufi shi ne hankali. Amma kowa ya yi hakan, sai a samu majalisar da ba mai lada a cikinta don gyara ma'aikatu, gwamnati ta ƙara rauni, buƙatar ɗan majalisa mai rabo ta ƙaru. Tarko ya kira shi.

Malam Ɗanjuma
Takardar Wood ɗin nake so. In akwai mai ita ya turo mini ta waya, amma a rage mata nauyi, sabis ɗin garinmu sai an hau tudu.